A Buɗe wa Yaro Mai Larurar Ƙashin Baya Ƙofar Ajin Rainon Yara

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wasu ƙananan yara da ake mayarwa gida daga bakin ƙofar makaranta tun kafin su zauna a kan tabarmar aji, wato yaran da aka haifa da larurar buɗewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sifaina bifida. Na daɗe ina koyarwa a ajin rainon yara, kuma duk farkon shekarar karatu, idan iyaye suka zo rajista, nakan ji sharaɗin nan da makarantu da yawa ke gindayawa, cewa ba a karɓar yaro sai ya iya neman fo da kansa. Ga yawancin yara wannan sharaɗi jinkiri ne na 'yan watanni. Ga yaron da nake magana a kansa kuwa kora ce ta har abada, domin jijiyoyin da ke sanar da mutum cewa mafitsararsa ta cika ba sa aiki yadda ya kamata a jikinsa, kuma babu horo ko tsawa ko ƙaruwar shekaru da zai tashe su.

Larurar tana samuwa ne a cikin kwana 28 na farkon shigar ciki, lokacin da sau da yawa mace ba ta ma san tana da juna biyu ba. A waɗannan kwanaki ne bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yake naɗewa ya rufe, to idan wani ɓangare nasa bai rufe ba sai a haifi jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a gadon bayansa, galibi wajen ƙugu. Akwai nau'i mai sauƙi wanda mutum zai iya tsufa da shi bai sani ba, akwai kuma mai tsanani wanda lakar kanta take fitowa cikin ƙullutun, kuma shi ne yake raunana ƙafafu, ya ɗauke jin taɓi a cikinsu, ya hana riƙe fitsari da bayan gida. Gwargwadon yadda raunin ya yi sama a baya, gwargwadon yawan abin da yake shafa, shi ya sa za a ga wani yaron yana tafiya da ɗan ɗingishi, wani da takalmin ƙarfe da sanduna, wani kuma sai a keke. Kimanin takwas cikin goma na masu nau'in mai tsanani suna haɗawa da taruwar ruwa a kai, kuma mafi yawansu ana yi musu aiki a sa siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, tana janye ruwan.

Mutanenmu ba baƙin gurgu ba ne, domin shan-inna ta bar mana dubban yara kafin a ayyana a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Amma wannan sanin yana iya ruɗar malama. Yaron da ya sha inna yana jin zafi a ƙafarsa idan ya taka ƙaya, kuma yana riƙe fitsarinsa kamar kowa, alhali mai buɗewar ƙashin baya ya rasa waɗannan abubuwa biyu, kuma su ne ainihin abin da mai kula da shi take buƙatar ta sani. Larurar ba ta yaɗuwa, ba a ɗaukarta a kwano ko a tabarma, ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba don uwar ta fita da magariba ko ta tsallake wani abu ba ne, kamar yadda ake raɗawa a gidajen suna.

Ya kamata mai makaranta ya tuna irin hanyar da aka biyo kafin wannan yaro ya iso gabansa. Likitoci suna so a rufe raunin a cikin kwana biyu zuwa uku na haihuwa, kafin ƙwayoyin cuta su shiga su haddasa sanƙarau, kuma asibitocin da ke wannan aiki a Arewa ba su da yawa, sai manya irin asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya. Iyaye da yawa sun baro ƙauye da ɗanyen jego, sun sayar da dabba ko sun jinginar da gona, sun kwana a barandar asibiti, sannan suka shafe shekaru suna zirga-zirga wurin masu gashin ƙashi. Idan irin wannan yaro ya kai shekara uku yana surutu yana dariya, sai kuma a ce da uwarsa ta koma da shi gida saboda yana sa famfas, to an zubar da wahalar da ta fi kowace girma a kan matsalar da ta fi kowace sauƙin warwarewa.

Bari in tsaya a kan maganar fitsari, domin a nan ne gizo yake saƙa, kuma ita ce ake jin nauyin faɗa a fili. A da, yawancin waɗannan yara da suka tsira daga ƙuruciya ciwon ƙoda ne yake kashe su, saboda fitsarin da ke taruwa a mafitsara yana komawa sama ya lalata ƙodar a hankali. A shekarar 1972 wani likita a Jami'ar Mishigan ta Amurka, mai suna Jack Lapides, ya nuna cewa ana iya zura siririyar robar fitsari mai tsafta a zubar da abin da ya taru, a cire ta nan take, a kuma maimaita bayan kowane awa uku zuwa huɗu, ba tare da buƙatar ɗakin tiyata ko likita a tsaye ba. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsafta ya wadatar. Wannan hanya ta tsawaita rayuwar yara marasa adadi, iyaye mata ne suke yin ta a gidajensu a faɗin duniya, kuma yara da yawa sukan fara koyon yi wa kansu tun suna wajen shekara shida. Tunda ajin raino yakan fara da ƙarfe takwas ya tashi wajen sha biyu, abin da ake buƙata a makaranta bai wuce sau ɗaya ba, kuma ba ya cin fiye da minti goma.

Ba duk yaran ne likita ya ɗora a kan wannan tsari ba, wasu famfas kawai suke sawa, amma ko wanne ne buƙatar makaranta ɗaya ce. Ana buƙatar wani lungu mai ƙofa ko labule, da buta, da sabulu, da bokiti mai murfi, da jakar kayan canji da uwa za ta riƙa aikowa. Ana buƙatar kuma mace ɗaya sananniya da za ta riƙa yin aikin, ko dai uwar ta leƙo a lokacin tara idan gidansu na kusa, ko kuwa mai rainon da ke ajin, bayan ma'aikaciyar jinya ta koya mata kuma iyaye sun amince a rubuce. Bai dace a riƙa sauya hannu yau wannan gobe waccan ba, saboda al'aurar yaro amana ce, kuma yaron da ya saba kowa yana buɗe shi ba zai san lokacin da ya kamata ya ce a'a ba. Makarantun da ke cewa ba za su iya ba, su ne kuma suke karɓar 'yan shekara biyu suna canja musu famfas kullum ba tare da wani ya kira abin nauyi ba.

Akwai wata al'ada mai haɗari da ta samo asali daga wannan tsoro, wato uwa ta hana yaron shan ruwa da safe don kada ya jiƙa wando a gaban mutane, ko malama ta hana shi saboda dalilin guda. Ƙarancin ruwa yana jawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida, kuma a zafin Kano ko Maiduguri yana iya kai yaro ga gadon asibiti. Malama ta riƙa ba shi ruwa kamar yadda take bai wa kowa, kuma idan ta ga fitsarinsa ya yi kauri da ɗoyi, ko jikinsa ya yi zafi, ta sanar da iyaye a ranar. Haka nan ba a kiran yaro da ƙarfi a tsakiyar aji a ce ya zo a canja masa. A shirya wata alama tsakaninsa da mai raino, a fita da shi a lokacin da kowa yake fita, domin sunan tsokana da aka laƙaba wa yaro yana ɗan shekara huɗu yakan bi shi har girmansa.

Makarantun Islamiyya na ƙananan yara suna da nasu uzurin, wato batun najasa da riƙe allo ko littafi. Ina ganin malamanmu sun fi ni sanin amsar, domin fiƙihun Malikiyya da muke karantawa ya yi bayanin mai yoyon fitsari, ya kuma sauƙaƙa masa, har ya nuna cewa idan yoyon yana lazimtarsa mafi yawan lokaci ba ya warware masa alwala. Idan shari'a ba ta hana baligi mai wannan uzuri yin salla ba, ban ga hujjar da za ta hana ɗan shekara huɗu, wanda alƙalami bai hau kansa ba, zama cikin sa'o'insa yana biya Fatiha ba. Ina roƙon limamai da masu wa'azi su faɗi wannan a fili, domin magana ɗaya daga bakinsu tana buɗe ƙofar da takardar ma'aikata ba ta buɗewa.

Abu na biyu shi ne ƙafa. Yaron da ba ya jin zafi a ƙafarsa yana iya zama a kan siminti ko yashi mai zafi a watan Afrilu har fatarsa ta saluɓe yana wasa bai sani ba, kuma da hunturu haɗarin yana komawa wajen kaskon wuta da ruwan zafi. Tsakuwa ɗaya a cikin takalmi, ko takalmin ƙarfe da ya matse, ko dogon zama wuri ɗaya a kan benci mai tauri, yana iya zama gyambon da zai shafe watanni bai warke ba. Maganin wannan ido ne kawai. Kada a bar shi babu safa da takalmi a tsakar makaranta, a taɓa wurin da hannu kafin a zaunar da shi, a riƙa sauya masa zama, kuma a lokacin canji a duba duga-dugai da ɗuwawu, idan an ga wani ja da bai baje ba bayan kamar minti ashirin a nuna wa uwarsa. Wani abin da mutane kaɗan suka sani shi ne da yawa daga cikin waɗannan yara jikinsu ba ya shiri da ɗanyar robar da ake yin balam-balam da wasu safar hannun asibiti da robar ɗaure kuɗi, saboda yawan haɗuwa da ita a wurin tiyata, kuma tana iya jawo musu ƙaiƙayi da kumburi har da toshewar numfashi. Ranar bikin yaye ɗalibai, da ake cika aji da balam-balam, ya kamata a tuna da wannan.

Abu na uku shi ne robar da ke kai, wadda ita ce ta fi firgita malamai. Tana iya toshewa, kuma alamominta ba ɓoyayyu ba ne: ciwon kai, amai, barci mai nauyi a lokacin da ba a saba ba, fushi da kuka ba dalili, idanu su karkace, ko jijjiga. Idan aka ga haka ba a cewa zazzaɓin cizon sauro ne a ba shi magani a kwantar da shi a bayan aji, sai a kira iyaye nan take a nufi asibiti. Wannan ya isa a rubuta a takarda ɗaya a manna a bangon ofis tare da lambar wayar gida. Ban da haka robar a ƙarƙashin fata take, wasan yara na yau da kullum ba ya taɓa ta, kuma kuskure ne a mayar da yaron ɗan kallo saboda ita. Na ga yadda tausayi yake cutar da irin waɗannan yara, a ajiye su a inuwa a kan kujera ana cewa kada a taɓa su, sauran yara suna can suna 'yar gala-gala da wasan ƙasa. Idan za a yi karatu a sauko ƙasa gaba ɗaya a kan tabarma, inda shi da kowa tsayinsu ɗaya. Idan wasan ƙwallo ne a yi na jifa da hannu, idan waƙa ce a ba shi amshi ko ganga, idan rabon alli ne a ba shi kwalin ya raba. Duk abin da zai iya yi da kansa, ko da zai ɗau lokaci, a bar shi ya yi.

Game da karatu, mafi yawan waɗannan yara hankalinsu daidai yake da na sa'o'insu. Waɗanda suka yi fama da ruwa a kai sukan sami 'yar wahala wajen tsayar da hankali, da riƙe fensir, da ƙirga, kuma wasu bakinsu yakan riga fahimtarsu, ta yadda za su yi ta zuba magana mai daɗi har malama ta ɗauka sun gane umarnin da ta bayar alhali ba su gane ba. A ba su umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ce su maimaita, a ba su fensir mai kauri, a zaunar da su kusa da malama. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake nacewa a kan ajin raino musamman, domin a shekarun nan na uku zuwa biyar ne ake gano irin wannan rauni a gyara shi cikin wasa, kuma yaron da ya tsallake su ya faɗa aji ɗaya yana ɗan shekara takwas, bai taɓa riƙe alli ba, bai taɓa jiran layi ba, zai sha wahalar da ba larurarsa ce ta jawo ba.

Na taɓa samun yarinya mai wannan larura a ajina, kuma abin da na lura shi ne yara ba su da matsala da ita. Sun tambayi abin da ya sami ƙafarta, aka gaya musu haka Allah ya halicce ta kuma ba ciwo ne da ake ɗauka ba, suka wuce wurin, rigimarsu ta koma kan wanda zai tura keken. Iyaye ne suka zo da ƙorafi, wata har tana cewa tana da ciki kuma ba ta so ta riƙa ganin yarinyar. Da aka zauna da su aka yi bayani, da iznin mahaifiyar, yawancinsu sun sauko. Manya ne suke buƙatar darasin, kuma taron iyaye da malamai shi ne wurin bayar da shi. A irin wannan taro, inda matan da ke kan ganiyar haihuwa suka cika ɗaki, ya dace a faɗi maganar folik asid, 'yar ƙwayar nan da ake bayarwa a wurin awo. Binciken da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna tana rage maimaituwar larurar da kusan kashi 70 cikin ɗari, amma sai an fara sha tun kafin ɗaukar ciki, maikirogiram 400 a kullum ga kowace mace, fiye da haka kuma bisa umarnin likita ga wadda ta taɓa haifar mai larurar. Wadda ta fara awo a wata na huɗu ta riga ta makara ga wannan kariya.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Ajin raino a makarantun gwamnati da yawa cike yake maƙil, malama ɗaya ce babu mai taimaka mata, wani wurin babu famfo, bandakin kuma rami ne da ko yaro mai ƙafa yake tsoron shiga. Amma wannan hujja ce ta gyara makaranta, domin ruwa da sabulu da bandaki mai tsafta kowane yaro yana buƙatarsu, kuma gangaren siminti a bakin aji bai fi ƙarfin kwamitin gudanar da makaranta ba. Masu cewa a kai shi makarantar musamman su tuna cewa makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano an shirya su ne domin kurame da makafi, masu buƙatar maganar hannu da rubutun makafi. Wannan yaro yana ji, yana gani, yana magana, kuma ba shi da abin da zai je nema a wata unguwa mai nisa wanda babu shi a makarantar da yayyensa suke zuwa.

Doka ma tana tare da shi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, Nijar kuma tun 2008. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da an ware su ba, ta wajabta wa makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa tare da ma'aikaci aƙalla ɗaya da aka horar domin su, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma. Wa'adin shekara biyar da ta bayar domin gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara kafin firamare cikin ilimin tushe, kuma a kuɗin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke rabawa akwai kason yara masu buƙata ta musamman. Abin da ya rage shi ne a saukar da waɗannan tanade-tanade zuwa teburin da ake rajista.

Saboda haka ina kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da ƙungiyoyin masu makarantu masu zaman kansu da su fitar da umarni a rubuce cewa sharaɗin iya zuwa bandaki ba ya hawa kan yaron da ke da takardar likita. Ina kira ga asibitocin da ke yi wa waɗannan yara aiki da su riƙa bai wa uwa takarda guda da Hausa, mai ɗauke da lokutan canji da alamomin haɗari da abin da yaron zai iya yi, wadda za ta miƙa wa shugabar makaranta, kuma ma'aikaciyar lafiya ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ta zo ta koya wa mai raino aikin a gaban uwar. Kwalejojin ilimi da ke horar da malaman rainon yara su sa wannan a manhaja, sassan ilimi na musamman na Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos su taimaka musu. Ranar 25 ga Oktoba ita ce ranar da duniya ta ware wa wannan larura da ta taruwar ruwa a kai, kuma ina fata gidajen rediyonmu za su gayyato likita da malamin addini da uwa su tattauna a ranar. Iyayen da suke ɓoye yaransu a ƙuryar ɗaki saboda bakin mutane kuwa, ina roƙonsu su kawo su rajista a wannan zango, idan makaranta ta farko ta ƙi su nemi a rubuta musu dalilin, su kai takardar ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Wassalam.

Daga wata malamar ajin rainon yara, Kano.